Motar aro daga kamfani: yadda za ka karɓa, ka hau, ka mayar ba tare da rigima ba a Legas

Jak da sifanar taya ne suka koya mini karatu. Motar maigidana ta samu matsalar giya tana cikin garanti, muka kai ta kamfanin da aka saye ta, suka ce sai an kawo kayan gyaran daga waje. Da yake Alhaji tsohon abokin cinikinsu ne, suka ba mu wata ƙaramar mota mu riƙe. Ni aka aika. Wani matashi mai fara'a ya miƙo mini takardu, ya nuna wuri uku da bakin biro, na rattaba hannu, na karɓi makulli ina ta godiya kamar an ba ni kyauta. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki na mayar da motar a wanke tas. Matashin nan ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ga safaya a kwance, amma gurbin jak da sifana wayam. Wallahi tun da na karɓi motar ban taɓa ɗaga shimfiɗar nan ba. Ya juyo da takardar da na sa wa hannu, ga alamar biro a gaban jak, ga ta a gaban sifana.

Da na koma Agege na fara rantse-rantse, Alhaji ya tsayar da ni. "Na yarda ba ka ɗauka ba. Amma da ka sa hannu, ka gan su da idonka?" Na ce, "A'a, ranka ya daɗe." Ya ce, "To je ka biya su."

Tun daga ranar, duk motar aron da ta shigo hannuna, ga yadda nake yi da ita.

Fara da sanin ko kana cikin waɗanda ake ba

A Legas babu dokar da ta tilasta wa kamfani ya ba ka mota saboda taka tana gareji. Alfarma ce, ko kuma sharaɗi ne da aka rubuta a yarjejeniyar saye. Wanda ya sayi Beljiyam a kasuwar motoci ta Berger, yake gyara a wurin bakanikensa da kayan kasuwar Ladipo, wannan maganar ba tasa ba ce. Ana yin ta ne a wuraren dillalan da ke wakiltar masu ƙera mota, waɗanda garejinsu ke wajejen Ikeja, Oregun, Victoria Island da Lekki. Su ma ɗin ba kowa ke da motocin aro ba, masu su kuma 'yan ƙalilan gare su.

Waɗanda suka fi samu su ne mai motar da ke cikin garanti kuma gyaranta zai ɗauki kwanaki, da kamfanin da ya sayi motoci da yawa a wuri ɗaya, da mai motar alfarma. Canjin baƙin mai da filta na awa biyu ba a ba da mota a kansa, sai dai a ba ka kujera da ruwan shayi. Garantin sabuwar mota a nan galibi shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga zuwa, wasu kamfanonin kuma suna ba da fiye da haka. Yana tsayawa ne idan kana kai sabis wurinsu a kan kari, ana buga hatimi a littafin sabis. Ka tsallake sau biyu ka kai wa na bakin hanya, ka raunana garantin, ka kuma raunana bakinka na neman aro.

Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan magana shi ne ranar sayen mota, kuɗi na hannunka, mai sayarwa yana "yallaɓai, yallaɓai". A ranar ka ce a rubuta: idan gyaran garanti ya wuce kwana kaza, za a ba ni motar riƙo. Bayan ka biya, roƙo za ka yi.

Kira kafin ka tafi

Kada ka kai mota da safe sannan ka tambayi ta aro a kan tebur. Ka kira kwana uku ko huɗu kafin ranar, ka nemi ma'aikacin da ke karɓar motocin sabis. A bakinsu sunanta "courtesy car", da haka za ka tambaya. Idan ya ce akwai, ka ce ya tura maka ta WhatsApp ko imel: wace mota, daga yaushe zuwa yaushe, kyauta ce ko da kuɗi, akwai ajiyar kuɗi ko babu. Alkawarin baki a Legas ba ya haye gadar Third Mainland.

Ka tambayi abin da za ka zo da shi. Lasin tuƙi mai rai shi ne na farko, na biyu katin shaida, wasu kuma sukan nemi takardar da ke nuna adireshi, kamar rasit ɗin wuta. Idan direba ne zai riƙa tuƙawa, a kai shi da lasinsa a rubuta sunansa. Mu da yawa a nan muke faɗawa rami: Alhaji ya sa hannu, direba ya ja, yamma ta yi ƙanin uwargida ya ɗauka ya je Obalende. Ranar da tsautsayi ya faɗa, kamfanin inshora sunan da ke takarda zai duba.

Takardar: zauna ka karanta

Za su nuna suna sauri, akwai layi a bayanka. Ka ja kujera. Idan Turancin takardar ya yi maka nauyi, ka ɗauki hotonta ka tura wa wanda zai fassara maka, ba abin kunya ba ne. Abu huɗu nake nema a ciki.

Inshora tukuna. Iri biyu ne a kan hanya. Akwai ƙaramar, wadda doka ta wajabta, mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga 5,000, tana kuma biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Wannan ba ta biyan ko kwabo a kan motar da kake ciki. Ma'ana, idan ita kaɗai ce a kan motar aro, ka daki turken wuta, gyaran gaba ɗaya a wuyanka yake. Babbar inshora ita ke ɗaukar motar kanta, amma ita ma tana da wani kaso da ake cirewa, wanda mai riƙe da mota ke biya daga aljihunsa kafin kamfanin inshora ya ɗora. Ka tambayi adadin wannan kaso a naira, a rubuta. Kuma kada ka ɗauka inshorar motarka za ta biyo ka cikin ta aro. A Najeriya inshorar tana manne da motar da lambarta ke jikin takarda.

Na biyu, ruwa. Ambaliya ba lallai ta shiga cikin babbar inshora ba, sau da yawa ƙari ce da ake biya daban. Wanda ya taɓa ganin Lekki ko Iyana Oworo bayan ruwan Yuni da Yuli ya san wannan ba ƙaramar tambaya ba ce.

Na uku, iyaka. Takardu da yawa suna cewa mota ba za ta fita jihar Legas ba, motocin kuma akwai na'urar bin sawu a jikinsu. Abin da mutanenmu ke mantawa shi ne kasuwar Kara, da ka haye gada daga Ojodu Berger, a jihar Ogun take. Haka Mowe da Ibafo, haka Sango Ota. Kai a ranka ba ka yi tafiya ba, ragon suna kawai ka je dubawa, amma a taswirar kamfani ka bar jiha. Idan harkarka tana kai ka can, ka faɗa tun farko a ƙara a takarda. Wasu kuma suna ƙayyade kilomita a rana, abin da ya haura ka biya.

Na huɗu, abin da aka hana yi da ita. Haya da Uber ko Bolt haramun ce a kusan kowace yarjejeniya. Ɗaukar kaya ma haka. Na san mutum yana ganin buhun albasa biyu daga Mile 12 ba komai ba ne, to warin albasa a kujerar yadi ba ya fita da wanki ɗaya, kuma kuɗin wankin musamman kai za a caza. Sigari a ciki, shi ma haka.

Wani abokina mai ɗan karatu ya taɓa tuna mini cewa a wurin malamanmu na Malikiyya, wanda ya ari dabba ta mutu a hannunsa ba tare da ya yi ta'adi ko sakaci ba, babu ramuwa a kansa. Na ce masa gaskiya ne, amma manajan gareji ba da wannan babin zai yi maka hukunci ba, da shafin da ka sa wa hannu zai yi.

Minti goma sha biyar kafin ka taɓa sitiyari

Nan ne duk abin yake. Ka ce a fito da motar fili, wurin haske, kuma a bushe. Mota jiƙaƙƙiya tana ɓoye ƙarzuwa, ta cikin rumfa kuma tana ɓoye lotsawa. Ka kunna bidiyon wayarka, ka fara da lambar mota da fuskar ma'aikacin idan ya yarda, ka faɗi rana da lokaci da bakinka, sannan ka zagaya a hankali.

Bamba ta gaba, ka tsuguna ka leƙa ƙasanta, domin nan ne kwalbatoci da tudun rage gudu ke ci, kuma nan ne ake fara dubawa ranar mayarwa. Kusurwoyi huɗu na mota, inda danfo, wato bas-bas ɗin haya, da Keke ke gogar mutum a gosulo. Madubai biyu na gefe, ka taɓa su ka ji ko an ɗaure da gam. Gilashin gaba, ka bi shi da yatsa, ɗan tsagin da dutse ya yi kamar ƙwayar gero yana iya zama tsawon hannu cikin mako guda da zafin rana da sanyin esi. Fitilu, a kunna maka su ɗaya bayan ɗaya, har da na birki da sigina. Bakin rim, ka duba kujewa.

Taya kuwa, ban da kallon ƙwarinta, akwai lamba huɗu a gefenta da ke nuna lokacin da aka yi ta. Idan ka ga 2322, mako na 23 ne na shekarar 2022. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, suna ɗaukar tayar da ta wuce shekara 4 a matsayin wadda ta gama aiki, kuma ba za su tambaye ka motar waye ba. Ka duba ko akwai kumburi a gefe.

Sai but. Ka ɗaga shimfiɗa da hannunka. Safaya, ka danna ta ka ji da iska. Jak, sifana, alamar tsayawa mai kusurwa uku, da tukunyar kashe gobara wadda kwananta bai ƙare ba. Kowanne ka ɗaga shi a gaban kyamara. Abin da babu, a soke shi a takarda, ma'aikacin ya sa hannu a gefen sokewar.

Ka shiga ciki ka tayar. Ka ɗauki hoton allon gaba injin yana aiki, yadda kilomita da gejin mai za su fito tare. Duk fitilar gargaɗin da ta ƙi mutuwa bayan an tayar, a rubuta ta. Ka gwada esi, da gilasan ƙofa huɗu, da abin share ruwa, da hon. Ka dubi kujeru da rufin ciki ko akwai tabo ko ƙuna. Idan motar tana da abin da ba ka saba da shi ba, birkin hannu na maɓalli ko wurin buɗe tankin mai, ka tambaya a nan. Na taɓa tsayawa a gidan mai, layi a bayana ana ta hon, ina laluben inda ake buɗe murfin tanki.

Ƙarshe, takardun mota: lasin mota, inshora, takardar lafiyar mota ta jami'an duba motoci, VIS, da shaidar mallaka. Ka duba kwanan kowacce, kada wata ta mutu tana hannunka. Inshorar za ka iya tabbatar da ita a wayarka ta rumbun bayanan inshora na NIID da lambar motar. Tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta binciken ƙaramar inshora a kan hanya. Idan gilasan masu duhu ne, ka nemi takardar izininsu. Sannan ka nemi wata 'yar wasiƙa mai hatimin kamfani da ke cewa sun ba wane wannan mota daga ranar kaza zuwa kaza. Bahaushe a cikin motar da takardunta ke ɗauke da sunan wani kamfani, a shingen dare, wannan wasiƙar ce ke gajarta zance.

Ka tura bidiyon da hotunan ga ma'aikacin ta WhatsApp kafin ka fita daga get. Yanzu akwai kwafi a wayarsa mai ɗauke da lokaci, babu mai cewa daga baya ka ɗauka.

Tana hannunka

Tarar hanya taka ce, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Layin da aka keɓe wa manyan bas na BRT, kada ka shiga ko da ka ga wasu sun shiga. Bin hanya ta baibai a Legas, a ƙarƙashin dokar sufuri ta 2018, yana iya kai wa ga ƙwace motar ɗungurungum, ka yi tunanin yadda za ka yi wa kamfani bayanin cewa motarsu tana hannun LASTMA, hukumar kula da zirga-zirga ta Legas. Akwai kuma kyamarori masu karanta lambar mota, waɗanda ba sa tsayar da kai, sai dai saƙon tara ya je wa mai lambar. Saboda haka ka riƙe shaidar rana da sa'ar da ka karɓa da waɗanda ka mayar, kada a ɗora maka laifin wanda ya riƙe ta kafin kai.

Idan ka tarar da ruwa ya rufe hanya, ka ga ya kai rabin tayar motar da ke gabanka, ka juya. Idan kuma ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake tayarwa. Injin da ya shaƙi ruwa aka murza masa makulli, ƙarafan cikinsa ne ke lanƙwashewa, daga nan sai maganar sabon inji. Ka kira kamfani su turo janwe.

Haka duk wata matsala. Fitila ta kama a allo, ko wani ƙara ya taso, ka kira su, kada ka kai wa bakanikenka ko da ɗan'uwanka ne. Facin taya kaɗai nake yi da kaina, shi ma ina gaya musu. Idan haɗari ne, ka ɗauki hotuna kafin a matsar da motoci, ka karɓi lambar ɗayan da wayarsa, ka kira kamfani nan take, domin inshora za ta nemi rahoton 'yan sanda. Sulhun bakin titi, a kai wa mai fenti ya shafe kafin a mayar, shi ne mafi muni. Masu gareji suna gane sabon fenti da ido, daga nan kuma ka tashi daga wanda tsautsayi ya samu ka koma wanda ya yi ɓoye.

Da dare a kwana da ita cikin get. Madubi da batir suna da ƙafa a wasu unguwannin.

Akwai wani abu da motar aro ke yi wa mutum: tana sa shi ya manta da tasa. Kana cikin sanyin esi, mako ya zama uku. Su ma sun san wanda aka ba mota ba ya damun su da waya. Ka riƙe lambar katin aikin motarka, ka riƙa kira duk bayan kwana biyu. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan gyara suka yi tsada, dillalai ba sa tara su da yawa, wanda aka yi oda kuma sai ya bi ta Apapa ko Tin Can ko filin jirgi. Jinkiri yana faruwa da gaske, amma ka nemi a gaya maka ranar da aka yi odar da ranar da ake sa ran isowa. Duk aikin da ba na garanti ba, kada a taɓa sai an turo maka kiyasin kuɗi ka amince a rubuce. Idan wa'adin aron zai cika gyara bai ƙare ba, a sabunta takardar, kada ka ci gaba da yawo da wadda kwananta ya wuce.

Ranar mayarwa

Ka je da rana, ranar aiki, lokacin da wanda ya ba ka yake nan. Kada ka bar makulli wurin maigadi da yamma. Ka wanke ta, ka kwashe kayanka daga aljihun gaba da ƙarƙashin kujeru, ka goge wayarka daga rediyon motar idan ka haɗa. Mai kuma ka mayar da shi inda ka same shi. Tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 babu mai yafe rabin tanki, kuma idan su suka zuba, farashinsu ba na gidan mai ba ne. Ka sha man a kusa da garejin ka riƙe rasit.

Ku zagaya motar tare, da tsohon bidiyon a hannunka, ka ɗauki sabo. Sannan a rubuta cewa an karɓe ta lafiya, da kilomita, da rana, da sa'a, a sa hannu a ba ka kwafi. Idan ka ajiye kuɗi, a rubuta ranar da za su dawo.

Kafin ka saki makullin aro, ka karɓi taka ka duba ta kamar yadda ka duba tasu: jiki, safaya, jak, gejin mai, kilomita. Ka ɗan zaga da ita tare da bakanikensu. Idan ƙarar da ta kawo ka tana nan, ka bar ta ka koma cikin ta aro. Da ka miƙa makulli, wani na layi ya ɗauka.

Idan an ƙi ba ka, ko an ɗora maka abin da ba ka yi ba

Hayaniya a wurin karɓar baƙi ba ta cika biya ba. Ka nemi manajan sashen sabis, ka zauna, ka ajiye masa hujjojinka, sannan ka bi da wasiƙa ko imel a ranar. Idan abin ya ƙi, akwai LASCOPA ta jihar Legas da FCCPC ta tarayya, dukansu suna karɓar koken masu saye. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba ka haƙƙin a yi maka aiki cikin lokaci, a kuma sanar da kai idan jinkiri ya zama dole. Ba ta ce a ba ka motar aro ba, sai fa idan an yi maka alkawarinta a rubuce.

Idan kuwa babu motar sam, ka tambaya ko suna da direban da zai sauke ka, ko za su zo su ɗauki motar daga gida su dawo da ita, ko a rage maka wani abu a kuɗin aiki. Ni dai idan gyaran kwana ɗaya ko biyu ne, yanzu ba na ma neman aro. Tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, na ajiye mota a Ikeja, na sa katin biyan kuɗin jirgi na Cowry, tasha ɗaya ce zuwa Agege.